Sikelin Talabijin Ba Ya Bin Mutum Gida

 

Yau da faɗa na zo, kuma abokin faɗan nawa yana can Amurka, bai ma san ina yi ba. Wani shirin talabijin ne mai suna The Biggest Loser, wanda tashar NBC ta fara nunawa a shekarar 2004, ƙasashe da dama kuma suka kwaikwaya. Ko ba ka taɓa zama ka kalle shi ba, da wuya a ce guntayensa ko na 'ya'yan da ya haifa ba su taɓa gilmawa ta wayarka ba. Za ka ga mai teɓa ya hau sikeli yana kuka, a nuno shi yana gudu a kan inji wani ƙato yana daka masa tsawa, can sai kiɗa ya tashi, labule ya buɗe, ga shi ya fito siriri cikin kwat, iyalinsa na ihun murna. Minti biyu an gama. Kai kuma ka ajiye waya, ka dubi tumbinka, ka yanke wa kanka hukuncin cewa kai rago ne.

Bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi. Bara wata yayata, 'yar wan mahaifina, wadda ta yi haihuwa uku jiki ya zauna mata, ta ƙudiri aniyar ramewa. Irin waɗannan bidiyoyin ta yi ta kallo har suka shige ta. Ta bar tuwo, ta bar shinkafa, ta koma kokwamba da kabeji da dafaffen ƙwai guda, sai ruwan zafi da lemon tsami. Mako shida ta yi a haka. Ta rame kuwa, kowa ya gani ya yaba, har ta kai rigunanta wajen tela ya rage mata. Abin da masu yabon ba su gani ba shi ne jirin da ke ɗibarta in ta miƙe, da gashin da ke biyo mataji, da faɗan da take yi wa yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ranar mijinta ya ce an gama. Ta koma cin abinci, kuma kafin wata huɗu jikin ya dawo har da riba.

Da na je gaishe ta, ga abin da ta ce da ni: “Auta, ni dai ba ni da zuciya ne. Su waɗancan ai sun iya.”

Na ce, “Yaya, su ma ɗin ba su iya ba.”

Wannan rubutun shi ne sauran amsar da ban samu damar ba ta ba a ranar.

Mu fara da yadda ake shirya abin a shekarun da ake nuna shi. Ana zaɓo masu ƙiba sosai a killace su a wani gidan gona a jihar Kalifoniya. An raba su da aikin yi, an raba su da 'ya'ya da girki da cefane da zuwa biki. Ga masu horarwa, ga likita, ga ɗakin motsa jiki, ga kayan abinci an tanada. Duk mako a hau sikeli a gaban kyamara, waɗanda suka fi ƙarancin raguwa su shiga layin kora. A wancan lokacin, wanda ya yi nasara a ƙarshe yakan tafi da dala 250,000. Wani masani mai suna Kevin Hall, wanda a lokacin yake aiki a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya lissafa cewa a zaman da suke yi a gidan gonar, matsakaicin abin da ɗan takara ke ci a rana bai wuce kalori 1,300 ba, ga kuma motsa jiki mai tsanani na kimanin awa uku kullum. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, kuma waɗannan mutane ne da a da suke cin ninki biyu ko uku na wannan adadin.

To, ɗan uwa, nuna min ma'aikaci ko ɗalibi ko matar aure da za ta iya ɗaukar wannan tsari ta kai gidanta. Su kansu 'yan takarar ba su iya kai shi gidajensu ba, domin ranar da aka kashe kyamara aiki yana jiransu, yara suna jiransu, dala 250,000 kuma ta daina ɗaga musu hannu.

Sannan lambar da ake nunawa a sikelin ma akwai ƙura a cikinta. Ryan Benson, wanda ya ci gasar farko, ya sauko daga kimanin kilo 150 zuwa 94. Shi da bakinsa ya bayyana daga baya cewa a kwanakin ƙarshe ya ƙaurace wa abinci, ya ƙafar da ruwan jikinsa har sai da ya fara fitsarin jini. Cikin 'yan kwanaki da gama shirin sama da kilo 10 suka dawo masa, mafi yawansu ruwa ne kawai da ya sha. Bayan wasu shekaru ya koma nauyinsa na da. Kai Hibbard, wadda ta kai zagayen ƙarshe a shirin 2006, ita ma ta fito ta faɗa cewa abin da ake kira mako guda a talabijin wani lokacin ya fi kwana bakwai, kuma ana rage shan ruwa kafin a hau sikeli. Mai kallo a gida bai san da wannan ba. Shi dai ya ga an rage kilo biyar a “mako”, sai ya raina rabin kilon da ya sha wuya ya rage.

A 2014 Rachel Frederickson ta ci gasar bayan ta sauko daga kilo 118 zuwa 48, wato ta zubar da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta. Da ta fito kan dandamali, firgicin da ya bayyana a fuskar masu horarwar shirin sai da ya zama labari a jaridu. Amma da me za a zarge ta? An ce wanda ya fi ragewa shi ne gwani, ta bi ƙa'ida ta fi kowa ragewa. Wanda ya kafa ƙa'idar shi ya kamata a tuhuma.

Yanzu ga babbar hujjata. Kevin Hall da abokan aikinsa sun bi 'yan takarar shirin 2009, sun auna su kafin a fara, sun auna su da aka gama, suka sake auna mutum 14 daga cikin 16 bayan shekara shida. An buga sakamakon a 2016 a mujallar Obesity. A farko matsakaicin nauyinsu kilo 149 ne. Bayan mako 30 ya koma kilo 91, wato kowanne ya rage kimanin kilo 58. Bayan shekara shida kilo 41 daga ciki sun dawo. Mutum 13 cikin 14 sun sake yin ƙiba, huɗu daga cikinsu ma sun zarce nauyin da suka shiga shirin da shi.

Zakaran wannan shekarar, Danny Cahill, ya sauko daga kilo 195 zuwa 87 cikin wata bakwai. Har aikinsa na safiyo ya ajiye domin ya samu lokacin motsa jiki. Bayan shekara shida kusan kilo 47 sun dawo masa. Wa zai kalli mutumin da ya bar aikinsa, ya yi ta motsa jiki har awa bakwai a rana, ya ce masa rago?

Dalilin yana cikin jiki, kuma shi ne abin da shirin bai taɓa zaunar da mai kallo ya yi masa bayani ba. Jikin ɗan Adam yana ƙona abinci ko da yana kwance ba ya komai, saboda bugun zuciya da numfashi da ɗumin jiki da aikin ƙwaƙwalwa. Mafi yawan abin da muke ƙonawa a rana ma nan yake tafiya. Kafin gasar, jikin waɗannan mutane yana ƙona kimanin kalori 2,600 a rana a kwance. Da aka gama ya koma 2,000. Wannan bai ba masana mamaki sosai ba, tunda ƙaramin jiki bai kai babba buƙata ba. Abin da ya ba su mamaki shi ne bayan shekara shida, da ƙibar ta dawo, ƙonawar ba ta dawo ba. Ta tsaya a wajen 1,900. Idan aka kwatanta da abin da ya kamata jiki mai girman nasu ya ƙona, akwai giɓin kimanin kalori 500 kullum, kwatankwacin madaidaicin farantin shinkafa. Na Danny Cahill ya kai 800. Ma'ana, shi da wani mai nauyinsa za su ci abinci iri ɗaya daidai wa daida, wancan ya tsaya yadda yake, shi kuma ya ƙaru.

Ga kuma wani sinadari mai suna leftin, wanda kitse ke fitarwa yana sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, a kwantar da hankali. Da gasar ta ƙare ya yi ƙasa warwas a jininsu. In leftin ya faɗi, yunwa takan tashi. Sai mutum ya wayi gari jikinsa yana ƙona kaɗan yana kuma neman da yawa.

Jiki kamar magidanci ne da ya taɓa ganin fari. Bai san kana neman kyauta a talabijin ba, bai san biki ya matso ba. Abin da ya sani shi ne hatsi ya daina shigowa, saboda haka sai ya rage awo, ya ƙulle rumbu, kuma ranar da damina ta yi kyau zai tara fiye da na da saboda tsoron kada abin ya maimaitu.

Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun a 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minesota, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji da samari 36 masu lafiya da suka ba da kansu. An rage musu abinci zuwa kusan rabi na tsawon mako 24, suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Sanyi ya dinga damunsu, zuciyarsu ta yi kusa, suka rasa sha'awar komai sai zancen abinci, wasu har tara littattafan girki suka dinga yi. Da aka sake su, da yawansu suka kasa tsayar da hannu daga ci, kitsen ya dawo har ya wuce na farko kafin abubuwa su daidaita. Ku lura da kyau: abincin da aka kira na yunwa a wancan gwaji ya kai kusan kalori 1,600 a rana. Na gidan gonar Kalifoniya bai kai haka ba. Shekara sittin da sanin wannan aka ɗauko shi aka sa masa kiɗa da tallace-tallace.

Na san akwai masu ja, kuma ba zan yi kamar ban ji su ba.

Na farko zai ce, ai ko ba komai shirin yana zaburar da mutane. Ina tambaya, zuwa ina? Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun nuna wa ɗalibai wani guntu na shirin, suka tarar ra'ayinsu game da motsa jiki ya ƙara muni bayan sun kalla. Ba abin mamaki ba ne. In abin da aka nuna maka shi ne mutane suna amai suna faɗuwa ana musu ihu, me zai ba ka sha'awar ɗaura takalmi ka fita? Wadda kuma ta zaburu irin zaburar yayata, mun ga inda abin ya kai ta.

Na biyu zai ce, ai lissafinka ma ya nuna ba duka nauyin ne ya dawo ba, a matsakaici sun rage kusan kilo 17 bayan shekara shida. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga lafiya. Haka nan mutum 14 ba su da yawa. Amma shirin bai yi wa kowa alkawarin kilo 17 ba. Alkawarin sabuwar rayuwa ya yi, ya ɗaga tsohon wando a gaban duniya ya ce an yi bankwana da shi. Kuma irin wannan ragin ana samun kusa da shi ta hanyoyin da ba sai an yi fitsarin jini ba. Wanda ya sayar maka da doki ya kawo maka jaki, ba ya wanke kansa da cewa ai shi ma jakin yana ɗaukar kaya.

Na uku, wanda ya fi su hujja, zai ce ai likitoci ma suna ɗora mutane a kan abinci kaɗan. Haka ne. A Birtaniya an yi wani gwaji mai suna DiRECT, ƙarƙashin Roy Taylor na Newcastle da Mike Lean na Glasgow, aka buga sakamakonsa a 2017. An ɗora masu ciwon suga a kan abinci na musamman mai kalori 800 da ɗoriya a rana na wata uku zuwa biyar. Bayan shekara guda kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba. Bayan shekara biyu kashi 36 ne suka rage a haka. Amma dubi bambancin. An tantance waɗanda za su shiga. An haɗa abincin yadda jiki ba zai rasa sinadaran da yake buƙata ba. An duba magungunansu. Ba a kori kowa don ya rage kaɗan ba. Uwa uba, da lokacin tsananin ya wuce, an dawo musu da abinci a hankali, aka ci gaba da bibiyarsu wata da watanni. Wato likitocin sun san cewa wahalar tana gaba, a daidai wurin da talabijin ke rufe labule. Kuma duk da wannan kulawa, kun ga yadda adadin ya sauka a shekara ta biyu. Saurin rama yana iya kawo tsakuwa a matsarmama, yana cinye tsoka tare da kitse, yana iya rikita gishirin jini. Shi ya sa abin da ake yi a gaban likita ba a kwaikwayonsa a ɗaki da kokwamba.

To me ke aiki? Amsar ba ta da armashi, shi ya sa ba ta samun mai ɗaukar nauyi a talabijin. A Amurka ɗin dai aka yi wani babban bincike na rigakafin ciwon suga da mutum 3,234, aka buga shi a 2002. Abin da aka nema daga rukuni guda shi ne su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi motsa jiki irin tafiya da sauri na minti 150 a mako. Mai kilo 100 ya koma 93 ke nan, da tafiyar rabin awa sau biyar a mako. Wannan kaɗai ya rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin 100, ya ma fi maganin metformin da aka bai wa wani rukunin, wanda ya rage da kashi 31. Kilo bakwai ba ya sa kowa ihu a kan dandamali, amma ya raba mutane da yawa da ciwon da ke cin ido da ƙoda da ƙafa.

Akwai kuma wata rajista da Rena Wing da James Hill suka kafa a 1994, ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 kuma suka riƙe ragin sama da shekara guda. Mutum fiye da 10,000 ne a ciki. Da aka duba halayensu, sai aka ga yawancinsu suna karya kumallo kullum, suna hawa sikeli a kai a kai, suna motsa jiki kimanin awa guda a rana, galibi tafiya da ƙafa. Abin dariyar shi ne da yawansu sun rage zaman kallon talabijin. Hukumomin lafiya kuma shawararsu ita ce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Sannu ba ta hana zuwa.

Ma'aunin da nake so kowa ya riƙe guda ɗaya ne. Duk tsarin cin abincin da aka kawo maka, tambayi kanka ko za ka iya yinsa nan da shekara biyar, a gidan da ake girki ɗaya wa kowa, ranar suna da ranar Sallah, ranar da akwai kuɗi da ranar da babu. Rage malmala daga biyu zuwa ɗaya da rabi zai wuce wannan jarrabawa. Haka rage sukari a shayi, da barin lemon kwalba, da ƙara ganye da wake, da sauka daga mota kafin a kai ƙofar gida. Kokwamba da ruwan zafi ba za su wuce ba. Mai ciwon suga ko hawan jini, da mai ciki ko shayarwa, su kam sai sun ga likita kafin su taɓa abincinsu.

Saura magana guda wadda ta shafe mu a matsayinmu na masu riƙe alƙalami. Mun fi kowa sanin cewa inda ka yanke labari shi ke tantance abin da labarin ya ce. Ka tsaya ranar kai amarya, ka rubuta labarin soyayya. Ka ƙara shekara shida, wataƙila wani littafin ne daban. Masu shirya The Biggest Loser marubuta ne su ma, sun san inda za su ajiye alƙalami: ranar da jiki ya fi kowace rana bushewa, fitilu suka fi haske. Ba su ƙirƙiri lambobin ba, amma sun zaɓi ranar da za a karanta su. Hangen Dala suka nuna mana suka ce shiga birni ne. Kuma wannan salon shi masu sayar da shayin rage tumbi suka gada a shafukan sada zumunta, hoton jiya a hagu, na yau a dama, na baɗi kuwa ba mai nuna maka.

Laifin da na fi riƙe su da shi shi ne darasin da suka cusa wa mai kallo, cewa ƙiba rashin zuciya ce, wanda nauyinsa ya dawo kuma shi ya ci amanar kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da matsananciyar ƙiba. Ba zai yiwu a ce duk waɗannan ragwaye ne ba. Akwai gado, akwai yanayin aiki, akwai irin abincin da ya fi arha a kasuwa, akwai magunguna, akwai haihuwa. Idan za mu saka mai ƙiba a labaranmu, mu daina mayar da shi abin dariya ko aikin gyara da za a kammala a babi uku. Idan kuma za mu rubuta wadda ta rame, mu yi mata adalci mu bi ta har bayan an watse daga biki.

Yayata yanzu takan fita tafiya da wata maƙwabciyarta bayan sallar asuba, ta kuma rage sukari a kokonta. Ba ta koma wajen tela ba tukuna, amma jirin ya tafi, kuma ta daina cewa ba ta da zuciya.

Wanda yake da ja, fili a buɗe yake, sai dai ya zo da hujjar da ta wuce hoton hagu da dama. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.